Kuɗin karatun yara ta PayPal, da na cefanen Inna a Gusau: amsa ga wani ƙanenmu a Jidda

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya yi wa nema albarka, ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana.

Ka ce kana aiki a wani shagon yadi a unguwar Balad da igamarka, wato takardar izinin zama, da dare kuma kana biya wa yara huɗu karatun Alƙur'ani ta waya, uku a Ingila, ɗaya a Amurka. Iyayen sun gaji da jiran mai zuwa Umra su ba shi saƙo, sun ce ka buɗe PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet. Kai kuma ka yi tunanin in ka buɗe shi ke nan ka huta, kuɗin karatu su shigo ta nan, na cefanen Inna su fita ta nan, ka rabu da mai hawalar da kake kai wa riyal duk ƙarshen wata ya sa a ba Inna naira a can. Sai wani abokinka ya ce kada ka wahalar da kanka, yana da asusun da aka buɗe masa da adireshin Amurka, ka riƙa karɓa ta nasa.

Da maganar abokin nan zan fara, don ita ta fi tayar mini da hankali. Ka yi masa godiya, ka ce a'a. Shekara goma sha ɗaya na yi ina zaune bayan gilashi a wani ofishin aika kuɗi a nan Jidda kafin in koma riƙe wa 'yan kasuwa lissafi, kuma cikin duk kukan da aka yi a gaban gilashin nan, wanda ya fi yawa shi ne na mutumin da ya zuba guminsa a asusun da ba ya ɗauke da sunansa.

PayPal kamfanin Amurka ne. Dokokin hana halasta kuɗin haram na Amurka suna wuyansa, haka ma na kowace ƙasa da yake aiki a cikinta. Abin da ke ruɗar mutane shi ne sauƙin buɗewa: imel, lambar waya, adireshi, cikin minti biyar ka gama, ba wanda ya ce ka nuna takarda. Tambayar tana nan tafe, sai kuɗi sun fara taruwa. Ranar da na'urarsu ta lura cewa asusun da ya ce mai shi yana Amurka kullum daga Jidda ake shigarsa, sai su taƙaita shi, su ce a turo hoton katin shaida, da takardar da ke tabbatar da adireshi, wani lokaci har da bayanin abin da aka sayar. Abokinka ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, don adireshin ma ba nasa ba ne. Daga nan suna iya riƙe kuɗin har kwana 180, wata shida cur, bayan nan ma ba za su sake su ba sai zuwa banki ko katin da ya dace da sunan da ke kan asusun. Zai ce maka yana kunna manhajar nan ta ɓoye wuri, VPN. Mantuwa ɗaya ta isa. Kuma ko bai manta ba, kuɗin a wurin kamfani nasa ne, kai ba ka cikin lissafi ko kaɗan. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin daɗin shi ne ba ka da buƙatar aron. Wanda ke zaune a Saudiyya da igama yana da damar buɗe asusu na gaskiya, a matsayin mazaunin Saudiyya, ya aika kuma ya karɓa. Ka zaɓi Saudiyya a matsayin ƙasa, ka sa lambar wayarka ta nan wadda ke kan igamarka, ka sa adireshinka na ƙasa, unwanil waɗani, kamar yadda banki ya san shi. Sunan kuwa, ka ɗauko katin bankinka ka kwafa harafi da harafi. Mu Hausawa muna shan wuya a nan fiye da kowa: fasfo ya ce Muhammadu, banki ya juya daga Larabcin igama ya rubuta Mohammed, kai kuma ka saba rubuta Muhammad. Ɗan Adam ya san mutum ɗaya ne. Na'ura ba ta sani ba, kuma ita ce ke fara dubawa.

Katin da za ka haɗa ya kasance yana da tambarin Visa ko Mastercard a gefen na mada, wato tsarin katin bankunan Saudiyya, don mada zalla ta cikin gida ce. Ka shiga manhajar bankinka ka buɗe wa katin sayayyar intanet da ta ƙasashen waje. PayPal zai ciri ɗan abin da bai kai dala biyu ba don gwaji, ya sa lamba huɗu a jikin bayanin cirar, ka kwafo lambar ka ba shi, daga baya ya mayar maka da kuɗin. Wajen fitar da kuɗi daga asusun Saudiyya, hanyar da mutane suka fi bi ita ce katin Visa, saboda haka in za ka nemi sabon kati, shi za ka nema.

Yanzu lissafi, wanda shi ne sana'ata.

Babu riyal a cikin kuɗaɗen da PayPal ke ajiyewa, babu naira. Akwai dala, da fam na Ingila, da Yuro, da wasu ashirin da 'yan kai. Ke nan duk abin da ya shigo maka sai an canja shi kafin ya zama riyal a aljihunka, kuma a wurin canjin nan ake yanka mafi tsoka, ba tare da an rubuta maka sunansa caji ba. Mu da ke Saudiyya Allah ya ba mu ma'auni mai sauƙi: tun 1986 riyal a ɗaure yake da dala, dala ɗaya riyal 3.75. Ba ya hawa, ba ya sauka. Duk wanda ya ba ka ƙasa da haka, bambancin shi ne ladarsa, ko ya faɗa ko bai faɗa ba.

Mu ƙaddara, don misali kawai, uban yaro ya turo dala 100. A farashin gaskiya riyal 375 ke nan. PayPal yana cire kaso cikin ɗari a kan kuɗin aiki, da ɗan ƙayyadadden abu a kan kowane biya, kuma na ƙetare ya fi na cikin gida. A ce an cire dala 5, saura 95. Wajen fitarwa a ce an canja maka a 3.65 maimakon 3.75, ka tashi da riyal 346 da 'yan halala. Kusan riyal 28 sun tafi, kwana biyu na abincin rana. In kuwa da fam aka biya ka, ana iya canja shi sau biyu, daga fam zuwa dala, daga dala zuwa riyal, kowane canji da nasa yankan. Ainihin kason yana sauyawa, yana nan a shafinsu na caji, ka karanta na Saudiyya da idonka ranar da za ka buɗe. Abin da ba ya sauyawa shi ne dabarar rage asara: ka yanka kuɗin karatunka da dala, ka ce kowa ya biya da dala, kuma sau ɗaya a wata maimakon mako-mako, don ƙayyadadden cajin nan a kan kowane biya yake hawa. Kai ma ka tara ka fitar sau ɗaya. In kana jin nauyin iyayen, ka faɗa musu gaskiya cewa kusan kashi kaza na tafiya a hanya. Yawancinsu za su ƙara da kansu, sun san abin.

Kada ka firgita in kuɗin farko suka shigo ka ga an rubuta suna jira. Sabon mai karɓa ana iya riƙe masa kuɗi har kwana 21, sai an ga ba a kawo ƙararsa ba. Da tarihi ya ginu abin yana raguwa. Amma ka sa wannan a lissafinka, kada ka yi wa Inna alkawarin kuɗin maganin wannan watan da kuɗin da ba su sauka ba tukuna.

A wajen iyayen, idan za su tura, yawanci akan ba su zaɓi biyu: na 'yan'uwa da abokai, da na kaya ko aiki. Wani zai ba ka shawara ka ce su riƙa danna na 'yan'uwa don a kauce wa caji. Ban yarda da wannan ba. Kuɗin aiki ne, sharuɗɗan kamfanin sun hana a kira shi kyauta, kuma asusun da duk wata mutum huɗu ke yi wa "kyauta" iri ɗaya a rana ɗaya, ba a daɗewa ake gane shi. Malamin da ke koya wa yara littafin Allah bai kamata ya fara da ƙarya a kan maɓalli ba. Sai dai ka san cewa zaɓin kaya ko aiki yana ba mai biya damar kai ƙara cikin kwana 180 ya ce ba a yi masa abin da ya biya ba. Maganin wannan shi ne rubutu. PayPal yana da wurin haɗa takardar neman biya, ka rubuta "karatun wata kaza, darasi goma sha biyu", ka tura wa uban yaro ya biya a kanta. Ka ajiye saƙonninku. Ba don kana zargin kowa ba, don ranar da aka tambaye ka daga ina kuɗin nan, ka sami abin nunawa.

Kuma za a iya tambayarka. Nan dole in faɗa maka abin da wataƙila ba ka so ji ba. Igamarka ta shagon yadi ce, kuma dokar ƙwadago ta Saudiyya ba ta yarda baƙo ya yi wa wani aiki ban da wanda ya ɗauko shi, ko ya buɗe aikin kansa. Bankuna kuma, bisa umarnin babban bankin ƙasar, SAMA, suna lura da asusun da abin da ke shiga da fita cikinsa ya zarce albashin mai shi nesa ba kusa ba. Yara huɗu ba kasuwanci ba ne a idona, amma kafin su zama arba'in, ka zauna da wanda ya san dokar aiki ta ƙasar nan sosai, ka kuma san matsayin kafilinka, wanda ya ɗauko ka aiki. In banki ya kira ka, ka faɗi gaskiya da takardunka a hannu.

To, sai hanyar gida. A nan ka ajiye PayPal gefe guda.

An buɗe wa 'yan Najeriya shi a 2014, amma shekara da shekaru asusun mutum a can na biya ne kawai, ba ya karɓa. Ko ka bar wannan tarihin, ka dubi Inna. Abin da take so shi ne naira ta shiga asusunta, wayarta ta yi ƙara, ta aiki yaro wurin mai POS. Manhajar da ba ta san naira ba, mai neman imel da Turanci, ba ta dace da ita ba. Saudiyya kuwa tana cikin sahun gaba a duniya wajen kuɗin da baƙi ke aikawa gida, shi ya sa hanyoyin da ke da lasisi suka yi yawa suna gasa da juna: Tahweel na Al Rajhi, Enjaz na Bank Albilad, Fawri na Bank AlJazira, QuickPay na Al Ahli, TeleMoney na Arab National Bank, ga na cikin waya irin su urpay da STC Pay wanda ya rikiɗe ya zama banki. Da yawansu suna haɗe da Western Union ko MoneyGram. Rajista da igama ce, tabbatarwa ta Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum, ko saƙon waya. Ba kowace ce ke kai wa kowane banki a Najeriya ba, kuma abin yana canzawa, saboda haka ka buɗe biyu ko uku ka duba.

Tambaya ɗaya za ka riƙa yi musu, kada ka bari a kautar da kai daga kanta: in riyal 500 suka bar hannuna gaba ɗaya, naira nawa za ta shiga asusun Inna? Tallan "aika kyauta" ba ya amsa wannan. Na sha ganin mutum ya bar layin da ake cajin riyal goma sha biyar ya koma inda aka ce babu caji, ya yi asarar ninkin haka a farashin canji, ya fita yana murna. Ka kuma tuna harajin VAT, wanda ya koma kashi 15 tun Yulin 2020, yana hawa kan cajin aikawa, ba kan uwar kuɗin ba. Bankin Duniya yana bin diddigin wannan tsada: aika dala 200 yana cin kusan kashi 6 a matsakaicin duniya, zuwa ƙasashenmu na kudu da Sahara kuwa ya fi ko'ina tsada, yana kusantar kashi 8, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne ya sauka ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Abin yana ci mini rai, talakan da ya fi kowa buƙata shi ke biyan mafi tsada. Amma ka riƙe alƙaluman a matsayin ma'auni. In ka lissafa ka ga hanyarka ta cinye fiye da kashi 5 ko 6, nemi wata.

A ɓangaren Najeriya, tun Janairun 2024 babban banki ya ce kuɗin da aka aiko ta waɗannan kamfanoni da naira za a biya, kuma abin da ya haura kwatankwacin dala 200 ta asusun banki zai bi. Saboda haka ka tabbatar asusun Inna yana raye, an haɗa shi da BVN da NIN ɗinta, ba ƙaramin asusu ne mai iyakar abin da zai iya ɗauka ba. Lambar asusu goma ce, ka karanta ta sau biyu. Sunan da za ka rubuta shi ne na kan takardar banki. Kada ka sa Hajiya, kada ka sa Inna, kada ka sa sunan da jikoki ke kiranta. Rabin saƙonnin da suka maƙale a hannuna a kan wannan ne.

Ga kuma wata gajeriyar hanya da ba ka kawo ba. Tunda wani kaso na kuɗin karatun Gusau zai nufa, me ya sa zai biyo ta Jidda? Fam ya zama dala, dala ta zama riyal, riyal ya zama naira, yanka uku. Iyayen da ke Ingila suna da manhajojin da ke kai naira kai-tsaye asusun Najeriya, irin su WorldRemit da LemFi, da Xoom wanda shi ma na PayPal ne. In ɗaya daga cikinsu mutumin kirki ne da kuka saba, kuma sharuɗɗan manhajarsa ba su hana ba, kana iya roƙonsa ya tura nasa kason can, ya aiko maka da rasit. Canji ɗaya ke nan maimakon uku.

Wanda iyayensa ke Damagaram ko Maraɗi lissafinsa ya fi sauƙi, don sefa a ɗaure take da Yuro, Yuro ɗaya sefa 655.957, sai ya auna da wannan. 'Yan'uwanmu masu dangi a Mai Wurno ko Gadarif kuwa, PayPal ba ya aiki a Sudan sam, duk da an ɗage takunkumin Amurka a 2017. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 rayuwa ta koma kan Bankak, manhajar Bankin Khartoum. Allah ya kawo musu ƙarshen wannan fitina.

Mai hawalarka fa? Ba zan zage shi ba. Kakanninmu da suka taho da ƙafa ta Chadi da Sudan suka tsallako daga Sawakin, da amana suka riƙa aika saƙo gida, kuma har yau akwai mutane a unguwannin Shara Mansur da Hindawiyya da ba a taɓa jin sun ci sisin kowa ba. Akwai ma lokacin da duk mai hankali ta wurinsu yake bi: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a kasuwa kuwa ta haura 700, wanda ya bi ta banki ya yi asarar fiye da sulusin kuɗinsa. Tun da aka saki naira wannan tazarar ta tsuke ƙwarai, ribar da ta rage ba ta kai haɗarin ba.

Haɗarin kashi biyu ne. A nan, karɓar kuɗin mutane a aika ba tare da lasisi ba laifi ne babba, ana ɗaure mutane a kansa, kuma ranar da aka kama shi, riyal ɗinka da ke cikin jakarsa ya zama kayan shaida. A can kuma, ka taɓa tambayar daga asusun wa nairar ke fitowa? Mai hawala ba ya ɗaukar riyal ɗinka ya kai Gusau. Wani ne a Najeriya da ke son riyal ko dala yake tura wa Inna naira, kai ba ka san shi ba, shi ma mai hawalar wataƙila ta hannu na uku ya san shi. In kuɗin damfara ne, ko na fansa, kuma ka san halin da yankinku ke ciki, masu bincike asusun da kuɗin suka sauka suke bi. Tsohuwa da ba ta san hawa ba ta san sauka ba, a toshe mata asusu, a ce ta zo ta yi bayani. Wannan kaɗai ya isa ya sa in biya riyal ashirin in kwana da rasit.

Haka nan kada kai ma ka zama mai hawala ba ka sani ba. Da zarar an ji kana aikawa ta waya, za a fara zuwa: don Allah tura mini wannan da igamarka. Yau riyal 300, gobe 2,000, kafin shekara ka aika ninkin albashinka sau biyar zuwa sunaye ashirin. Na san da wuya a ce wa ɗan'uwa a'a, musamman wanda ba shi da takarda. Amma tambayar in ta zo kai kaɗai za ta samu. Mai ba wa matafiyi kuɗi a hannu shi ma ya sani, kuɗi ko zinari, in sun kai adadin da doka ta ƙayyade, dole a bayyana su ga kwastan a filin jirgi.

Akwai wata baiwar Allah da har yau nake tunawa. Aikatau take yi a gidaje, ba ta da igama, shekara shida tana tara abin da ta samu a asusun wani ɗan garinsu, mutumin kirki, da niyyar ta sayi fili in ta koma. Ya rasu a haɗarin mota a hanyar Madina. Banki ya rufe asusun kamar yadda doka ta ce, kuɗin suka zama gadon iyalinsa, su kuwa ba su taɓa jin labarinta ba. Ta zo wurina da wani ɗan littafi da ta riƙa sa a rubuta mata, babu sa hannunsa, babu shaida. Na duba shi shafi-shafi, na san gaskiya take faɗa, kuma ba abin da zan iya yi mata. Ba wanda ya ci amanarta. Mutuwa ce kawai ta riga ta. Tun daga ranar, duk wanda larura ta sa ya ajiye kuɗi a hannun wani, ina roƙonsa ya bi aya ta 282 a Baƙara, wadda ka fi ni sani: a rubuta, a kafa shaidu biyu, iyalin mai riƙon su sani, kuma kada a bari su taru.

Tunda maganar ta kawo mu nan, na san zuciyarka za ta tambayi hukuncin canjin kuɗi, da sharaɗin hannu da hannu da ya zo a hadisin Ubada bn Samit. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa ta zauna a nan Jidda a 1990, ta zartar cewa shigar da kuɗi a asusun banki yana tsayawa matsayin karɓa da hannu, kuma ana yafe ɗan jinkirin da aka saba na aikin banki. Manhajar da ta yanke maka farashi nan take, ta ciri riyal ta rubuta naira, ta shiga cikin wannan. Inda za ka kai wa malamanka tambaya shi ne irin cinikin "tura wa Inna yau, in biya ka riyal ƙarshen wata", wanda aka saba yi da masu hawala.

Masu damfara za su same ka, ba makawa, da zarar imel ɗinka ya fara yawo. Salon da suka fi yi shi ne saƙo mai tambarin PayPal cewa an biya ka, kuɗin suna jira sai ka danna nan ko ka biya wani abu. Kada ka gaskata imel, kada ka gaskata hoton rasit. Buɗe manhajar da kanka, abin da ka gani a ciki shi ne gaskiya. Wani kuma zai yi rajistar ɗansa, ya turo dala 500 maimakon 50, ya ce kuskure ne, ka mayar masa da ragowar ta wata hanya. Katin sata ne, in mai shi ya farga za a zare 500 ɗin daga wurinka, wanda ka mayar kuma ya tafi. In an yi kuskure na gaske, akwai maɓallin mayarwa a jikin biyan kansa, shi kaɗai za ka taɓa. Ga kuma masu kira da Larabci mai kyau su ce daga banki ne, za a rufe katinka in ba ka sabunta bayanai ba. Lambar sirrin da ke zuwa wayarka, da lambar Nafath, ba ma'aikacin banki na gaskiya da zai ce ka karanto masa.

Ka riƙa duba ranar ƙarewar igamarka. In ta ƙare ba a sabunta ba, banki yana daskarar da asusu, katin da PayPal ke zuba wa kuɗi ya tsaya. Ranar da Allah ya nufa za ka koma gida gaba ɗaya kuwa, ka kwashe komai ka rufe asusun tun kana nan da layin wayarka a raye, don PayPal ba ya sauya wa asusu ƙasa, sabo ake buɗewa.

Kafin ka sanar da iyayen duka, ka zaɓi ɗaya ya turo dala 10 a kan takardar neman biya. Ka bi ta har ƙarshe: kwana nawa ta yi kafin a sake ta, nawa aka cire, a wane farashi ta zama riyal, yaushe ta bayyana a katin. In katin ya ƙi karɓa, ka je reshen bankinka ka nemi wani na Visa ka sake gwadawa. Haka za ka yi da Gusau, ka fara da riyal 50 ta hanyoyi biyu a rana ɗaya, ka kira Inna ka ji wanne ya riga isa da nawa ya shiga. Ka rubuta alƙaluman ka kawo mini ranar Juma'a bayan an sauko, mu duba tare. Ka gaishe ta da kyau in kun yi waya.